Yaren da Wuya ke Koya wa Mutum

A majami'un da muka taso a cikinsu, in aka ce wane ya sami kira, kowa ya san abin da ake nufi. Mutum ne ya ajiye aikin gwamnati ko gonarsa, ya tafi makarantar tauhidi a Kagoro ko Jos ko Bukuru, bayan 'yan shekaru ya dawo aka ɗora masa hannu ya zama fasto. Ko kuwa mai bishara ne da aka tura wani ƙauye mai nisa, daga shi sai matarsa sai keke ɗaya. Wannan kira ne na gaske, kuma Allah ya saka wa waɗanda suka amsa shi. Sai dai ma'anar ta yi ƙunci, domin ta bar yawancinmu a kan benci, mu yi waƙa, mu ba da baiko, mu koma gida.

Akwai kuma wata magana da muke yawan gaya wa wanda masifa ta auka wa: yi haƙuri, Allah yana shirya ka ne domin wani babban abu. Sau uku aka gaya mini ita a rayuwata, kuma masu faɗa da zuciya ɗaya suke faɗa. Amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya bayyana yadda shirin yake, wato mene ne ƙonewar gida ko jinyar miji ke sa wa mutum a hannu wanda a da ba shi da shi. Abin da na gani da idona ke nan nake so in rubuta, musamman saboda mu da ke zaune a ƙasar wasu, inda kusan kowannenmu ya bar wata rayuwa a baya ya soma wata daga tushe.

A nawa ganin, wuya yare take koya wa mutum. In ka iya shi, wata rana za a kai ka gaban wanda ba ya jin kowane yare sai wannan, kuma sau da yawa a nan kiran yake.

Ni malamar firamare ce a Kaduna, shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli. A watan Fabrairun 2000 rikici ya ɓarke a garin, muna haya a Tudun Wada. Maigidana nas ne, ranar yana bakin aiki, daga ni sai yara biyu. Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu ce ta jawo mu ta kan katanga, ta zura mini hijabinta, ta kulle mu a ɗakin surukarta. Kwana biyu muka yi a ciki tana kawo mana tuwo a ɓoye, kafin sojoji su kwashe mu zuwa bariki. Da ƙura ta lafa muka je duba gidan, ba abin da ya rage sai toka da ƙarfen gado. Takarduna na koyarwa, hotunan aurenmu, da Littafi Mai Tsarki na mahaifiyata mai rubutun hannunta a gefen shafuka, duk sun tafi. Muka ƙetare kogi muka koma kudancin gari kamar dubban iyalai. Musulmin da ke can su ma suka ƙetaro arewa, da yawansu su ma an ƙone musu. Gari ya rabu biyu, kogi a tsakiya.

Abu biyu na fito da su daga wannan wuta. Na san yadda ake tsayawa a layi da kwano a hannu ana jiran abincin taimako, alhali makon jiya kai ne mai ba almajiri. Sannan ba mai iya koya mini ƙin Musulmi a dunƙule, domin har yau hancina bai manta da ƙanshin turaren da ke jikin hijabin nan ba.

A 2004 na biyo maigida Ingila, shi ya riga mu zuwa da aikinsa na jinya. Duk wanda ya zo nan da takardar gida ya san abin da ya biyo baya. Malamar da yara ke durƙusa wa a hanya ta koma mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi a wajen Manchesta. Ka shiga bas da hunturu tun kafin takwas na dare, ka fito takwas na safe. Ka yi wa tsohuwa wanka, ka canza mata shimfiɗa, ka ba ta abinci a baki, gobe ta tambaye ka wane ne kai. Mutanen gida suna ganin hoton da ka ɗauka a cikin dusar ƙanƙara suna cewa ka ji daɗi, su kuma aiko da lissafin kuɗin makarantar yara. Shekara tara na yi a wannan aiki. A nan na koyi yadda ake juya wanda ba ya iya juya kansa ba tare da an ji masa ciwo ba, da yadda ake rufe wa mutum tsiraicinsa ko da shi bai san ya buɗe ba, da yadda numfashi ke canzawa idan lokaci ya matso. Na kuma koyi yadda ake magana da ma'aikatan lafiya a ƙasar nan: wa ake tambaya, da wace kalma, me kake da haƙƙin nema.

Na ukun ya zo a 2013. Maigida ya faɗi a kicin da safe, shanyewar ɓarin jiki. Da ya farfaɗo a asibiti, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana aiki da Turanci ya kasa haɗa jimla ɗaya a cikinsa. Abin da ya fara dawo masa Hausa ce, ita ma guntu-guntu, irin ta yarinta: ruwa, zafi, inna, bari. Mai koya masa magana ta ce mini hakan yakan faru ga wasu masu yare biyu, wanda aka sha da nono ya riga dawowa. Sai na zama bakinsa. Wata da watanni ina tsaye tsakaninsa da likitoci, in juya musu abin da ya ce, in juya masa abin da suka ce. Na ga yadda idon babban mutum ke cika da tsoro idan ana magana a kansa shi kuma ba ya ji. Na ga kuma yadda likita ke gaggawa idan ba a fahimce shi ba, ya rubuta abin da ya zata. Da alherin Allah maigida ya tashi, yana tafiya da sanda, Turancin ma ya dawo, amma aiki kam ya ƙare.

Bayan kamar shekara biyu, wata nas da ta san mu tun lokacin jinyar ta buga mini waya. Ta ce suna da wani dattijo da ya zo daga Kumasi ganin 'yarsa, ciwo ya kama shi, ya ƙi abinci, ya ƙi magani, ya ƙi a taɓa shi. 'Yar tana aiki, ga ƙananan yara, ba ta iya zama kullum. An nemi tafintan Hausa ba a samu a kusa ba. Ko zan iya zuwa?

Na same shi ya juya fuska ga bango. Na durƙusa na ce, "Sannu Baba, yaya jiki?" Ya juyo a hankali ya dube ni, sai hawaye. Da Hausarsa ta zango ya ce, "'Yata, daga ina kin fito?" Cikin rabin sa'a na ji duk abin da ya dame shi. Bai san inda alƙibla take ba, kwana biyar ke nan. Yana tsoron akwai alade a abincin. Kuma a shekarunsa, mace ce ke zuwa yi masa wanka. Ba ko ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin asibitin, ba dai wanda ya ji ne. Na roƙa aka juya gadon ya fuskanci kudu maso gabas, aka rubuta masa abincin halal, aka sa namiji ya riƙa yi masa wanka. Da yamma ya ci abinci. Da zan tafi ya tambayi sunana, ya gane ni Kirista ce. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki."

A cikin bas ina komawa gida na ga cewa duk abubuwan nan uku sun haɗu a bakin gadon nan. Hajiya ce ta sa na shiga ɗakin ba tare da ɗar-ɗar ba. Gidan tsofaffi ne ya sa na san abin da zan roƙa da wanda zan roƙa. Jinyar maigida ce ta sa na gane tsoron da ke idon Baba tun kafin ya buɗe baki. Daga nan na shiga kwas na tafinta, kuma yau aikina ke nan: asibiti, ofishin gidaje, wani lokaci ta waya, ga mutanen Nijar, da Gana, da Kamaru, da Hausawan Sudan waɗanda Hausarsu ke gauraye da Larabci.

Da na koma karanta Littafi Mai Tsarki da wannan ido, sai na ga abin ba sabo ba ne. Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Mun saba tsallake shekaru goma sha ukun nan mu tafi wurin sarauta. To, a cikinsu ne yaron makiyaya ya koyi yaren Masar, ya koyi riƙon babban gida da lissafin kaya a wurin Fotifar, ya koyi sha'anin mutane a kurkuku inda aka ɗora shi a kan 'yan sarƙa. Wanda zai tara hatsin shekara bakwai ya raba wa ƙasa guda, ai sai wanda ya taɓa riƙe makullin rumbu. Har ma ya iya yaren sosai, da 'yan'uwansa suka zo sayen hatsi sai ta bakin tafinta ya yi musu magana, ba su san yana jin su ba. Musa kuwa shekara 40 ya yi a Midiyan yana kiwon tumakin surukinsa. Ɗan fada ba ya sanin inda rijiya take a jeji, makiyayi ne ya sani, kuma a jeji ne zai bi da jama'a.

Labarin manzo Bulus ya ƙara nuna mini wani abu. Kowa ya san hasken da ya kā da shi a hanyar Dimashƙu da kwana ukun da ya yi a makance. Amma bayan wannan ya yi shekaru ba a jin ɗuriyarsa sosai, har ya koma garinsu Tarsus. Barnaba ne ya tashi ya je nemansa, ya kawo shi Antakiya domin aiki ya yi yawa, ana bukatar mutumin da ya san Attaura ya kuma san duniyar Helenawa. Wato ko shi da ya ga haske daga sama, sai da wani ɗan'uwa ya zo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Nas ɗin da ta buga mini waya ba ta san Barnaba ba, amma aikinsa ta yi.

A tarihinmu ma akwai irin wannan. Mu da ke Ingila ya kamata mu san sunan Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta yana ƙarami aka kai shi Kukawa ta Barno. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Overweg ya 'yanta shi, daga baya ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Timbuktu, suka ƙetare Sahara, suka iso Landan a 1855. A nan ya zauna da ɗan mishan J. F. Schön, wanda ke fama da rubuta Hausa alhali ba shi da mai jin ta a kusa. Daga bakin yaron nan Schön ya ɗebi kalmomi da labarai masu yawa, ya fassara wasu sassan Littafi Mai Tsarki, ya buga ƙamus a 1876, sannan a 1885 ya buga Magana Hausa, wanda ke ɗauke da labarin rayuwar Dorugu kamar yadda shi ya ba da. Daga baya Dorugu ya koma gida, har ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, amma duk ranar Lahadin da muka buɗe shi, akwai ƙurar ƙafar wannan yaro a farkon hanyar.

Na kusa da mu kuma shi ne Fasto James Wuye na Kaduna. A rikicin 1992 da ya biyo bayan Zangon Kataf ya rasa hannunsa na dama, yana jagorantar matasan Kirista. A ɗaya ɓangaren akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna, suka yi aiki a wurare irin su Yelwan Shendam. Cikin abubuwan da suka sassauto da zuciyar faston har da zuwan limamin asibiti gaida mahaifiyarsa. Shi da kansa ya sha faɗa cewa an ɗau shekaru kafin ya saki jiki da abokin nasa. Matashin da ke da fetur da ashana a hannu ba zai saurari mai wa'azin da bai taɓa rasa komai ba. Amma in mai hannun roba ya ce masa ajiye, akwai dalilin tsayawa a ji.

To, a nan fa sai mu yi hattara, 'yan'uwa. Cewa Allah ya fitar da amfani daga mugun abu bai mai da abin mai kyau ba. 'Yan'uwan Yusufu laifi suka yi. Wanda ya sayar da Dorugu azzalumi ne. Waɗanda suka cinna wa gidanmu wuta, da waɗanda suka cinna wa gidajen Musulmi a ƙetaren kogi, za su ba da lissafi. Kuma ba kowane mai wahala ne ke ganin abin da wahalarsa ta haifa ba. A 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar kai bishara ƙasashen ciki: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin ƙarshen 1894 biyun farko sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham kaɗai ya rayu ya ga mishan ɗin SIM ta kafu, wadda daga cikinta ECWA ta fito a 1954. Iyayen Gowans da Kent gawa ma ba su gani ba. Haka nan na san mutanen da muka zauna tare a bariki a 2000 waɗanda har suka koma ga Ubangiji ba su sake zama daidai ba. Ba zan ce bangaskiyarsu ce ta gaza ba.

Shi ya sa nake roƙon mu rage gaggawar gaya wa mai makoki cewa ana shirya shi ne. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai na farko da suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Da suka fara bayyana masa dalilin wahalarsa ne suka ɓata. Maganar shiri ta mai ciwon ce, shi zai faɗa da bakinsa in lokaci ya yi, watakila bayan shekara goma sha biyar kamar ni. Namu shi ne mu kai kunu, mu ɗauki yara daga makaranta, mu zauna.

Wasu 'yan'uwa a zumuntar mata sun tambaye ni ko ina yi wa marasa lafiya wa'azi. Ba na yi. Dokar aikin tafinta ita ce ka faɗi abin da aka ce, kada ka ƙara, kada ka rage, kuma abin da ka ji a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Ko ba doka ma, wanda ke kwance a gado ba shi da ikon tashi ya fita in bai so maganarka ba, bai kamata a ci wannan zarafin a kansa ba. Addu'ata a cikin lif nake yi kafin in shiga, in kuma yi wata in na fito. In wani ya tambaye ni abin da ya sa nake wannan aiki, nakan gaya masa. Ubangijin da nake bi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, kuma shekara tara a gidan tsofaffi sun sa na san nauyin wannan tawul.

Yaya mutum zai gane nasa kiran? Abin da na lura da shi a wurin mutane da yawa a nan shi ne, ka duba abin da ake yawan kiranka a kansa ba tare da ka tallata kanka ba. Akwai wata 'yar'uwa a majami'armu da ta yi shekaru tana fama da takardun zama, har ta san kowane fom da kowane mataki. Yau duk sabon zuwa gidanta ake nuna masa, ita ce ke gaya masa abin da zai iya yi da kansa da lokacin da dole ya nemi lauya. Akwai wani dattijo da ya binne matarsa a nan, ya sha wuyar neman filin kabari da kuɗin jana'iza shi kaɗai. Yanzu in aka yi rasuwa, Kirista ko Musulmi, shi ake fara bugawa. Ba wanda ya ɗora musu hannu a gaban ikilisiya, amma hidimarsu ce ke riƙe da mu. Ka kuma duba abin da kai kake iya kallo alhali wasu suna kau da kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma zai gane alamar yoyo a ɗakin maƙwabci tun kafin damina ta yi ƙarfi.

Ga ke da ke karanta wannan a lokacin hutun aikin dare, da takardar digirinki a ƙasan akwati, ba zan ce miki wannan aikin daɗi ne da shi ba, na san ciwon bayan da yake sawa. Ba zan kuma yi miki alkawarin abin da zai zama ba. Abin da zan ce kawai, ki lura da abin da hannunki da kunnenki suke koya, kada ki raina shi. Ga iyayenmu da 'yan'uwa da ke gida kuma, in ɗanku ya ce muku wanke tsofaffi yake yi a Turai, kada ku ji kunyar faɗa a gaban mutane, ku sa masa albarka. Mu kuma dattawan ikilisiya da shugabannin zumunta, mu riƙa duba cikin benci mu ga wa ya fito daga wace wuta, mu je mu ƙwanƙwasa masa ƙofa idan bukata ta taso. Akwai masu yare da yawa a cikinmu da ba a taɓa nema ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ta'azantar da masu makoki, ya kuma ba mu kunnen ji idan an kira.